Duk Inda Aka Ga Dama

Shekara talatin da ɗaya Burada Famfo ya yi a gidan nan, kuma a cikinsu sau goma aka miƙa masa takardar. Sau goman nan abu ɗaya ya rubuta.

Bari dai a fara da yadda ƙungiyar take, saboda wanda bai san ta ba. Ƙungiya ce ta 'yan Katolika, maza zalla, waɗanda suka ɗaukar wa Allah alkawari uku: ba aure, ba dukiyar kai, ba jayayya da umarnin shugaba. A cikinsu akwai fada, akwai burada. Fada shi ke hawa bagade, wato wurin jan ibada a gaban coci, ya yi babbar addu'ar da ake kira Mas, ya yi baftisma, ya ɗaura aure. Burada ba ya hawa bagade, nasa aikin na hannu ne: koyarwa, jinya, kafinta, girki, gyaran inji. A littafin ƙa'ida an ce daidai suke, tebur ɗaya, tukunya ɗaya, makabarta ɗaya. A littafi ke nan. Amma a faɗi gaskiya, tukunyar kam ɗaya ce.

Aikin da suka ɗora wa kansu shi ne zuwa inda wasu ba sa son zuwa, unguwar da ba makaranta, ƙauyen da ba asibiti. Gidajensu goma sha huɗu ne a lardin, ƙarƙashin shugaba guda da ake zaɓa duk shekara shida, da majalisar mutum huɗu da ke ba shi shawara. Don kada wani ya yi saiwa a wuri ɗaya har bakinsa ya fara cewa "gidana", duk shekara uku ana raba wa kowa takarda mai tambaya biyu. Ina kake so a tura ka? Akwai abin da zai hana ka tashi daga inda kake?

To, ga inda gizo ke saƙa. Wannan takarda ba a cika ta da gaskiya. Tun a gidan horo, inda ake koyar da sababbin shiga, malaminsu ya dasa musu a ka cewa wanda ya zaɓa wa kansa wuri ya ci ladansa tun a duniya. Saboda haka duk wanda ya san ciwon kansa, a tambaya ta farko sai ya rubuta "duk inda aka ga dama", a ta biyu ya rubuta "babu". Shi kuma shugaba, aikinsa ne ya san abin da ba a rubuta ba. Kai ka yi kawaici, shi ya yi hankali, kowa ya tashi da ladansa. Haka aka taso aka tarar, kuma ba wanda ya taɓa kiran abin ƙarya.

Shugabannin da suka gabata duk 'yan gida ne, tare aka yi horo, tare aka sha wuya. Na ƙarshensu, wanda ake yi wa laƙabi da Fada Sannu-Sannu, shekara goma sha biyu ya yi a kujerar. In ya zo kan takardar Burada Famfo sai ya ɗan murmusa, ya ce, "Allah ya yi wa biyayyarka albarka," ya sa ta a ƙasan tari. Ya san zancen Alhamis. Duk gidan an san zancen Alhamis.

Ƙa'ida ta ba kowa rabin yini a mako. Burada Famfo, mai gyaran famfo da injin gidan, ran Alhamis yake ɗaukar nasa. Da an tashi daga addu'ar tsakar rana zai rataya jakar kayan aikinsa, ya hau bas a bakin ƙofa, ya sauka a tasha ta tara, ya bi lungun da ke bayan kantin magani. Nan yayarsa take, a ɗaki biyu da ɗan tsakar gida wanda bai fi a shanya zani uku ba. Ita ta raine shi. Yana da shekara huɗu uwarsu ta rasu, ita tana da goma sha biyar, ta ɗauke shi a baya ba ta sauke ba sai da ya shiga makaranta. Yanzu shi yana da sittin da biyu, gemu ya yi fari, ita har gobe Auta take ce masa. Shekara shida ke nan da ɓarin jikinta na hagu ya shanye. 'Yarta guda, nas ce, kuma ran Alhamis take yin dogon aiki a asibiti, an tsara haka ne tun farko saboda Kawu zai zo.

In ya zo, shi zai ɗaga ta daga gado ya sa ta a keken marasa lafiya, ya tura ta inda rana ke sauka. Ya yanke mata farce, ya zuba wa ƙafafun keken mai, ya ɗaure abin da ya kwance, ya karanta mata Zabura tana gyara masa karatu. Daga nan sai ta miƙa hannunta mai lafiya ta jawo kwanon da 'yarta ta rufe kafin ta fita, ta buɗe murfin. Shi kuma sai ya ce, "Na ƙoshi, Yaya." Ita kuma ta ce, "Ƙoshin ƙaniya. Matso." Ya matso ya cinye tas. Tun yana yaro haka yake, yunwa za ta kashe shi bai ce uffan ba, sai dai ta gane a idonsa. Duk Alhamis sai sun yi wannan wasan, ba wanda ya gaji.

Ana nan sai wa'adin Fada Sannu-Sannu ya cika, aka yi babban taro, aka zaɓi sabo. Sabon Shugaba ɗan ƙungiyar ne, amma shekara ashirin ya yi a wani lardi mai nisa yana aikin ofis, bai fi shekara arba'in da shida ba. Mutum ne siriri mai tabarau, mai saurin tafiya, wanda in ka gaishe shi yake amsawa sau ɗaya ya wuce. Ba mugu ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. Ranar da ya raba takardu ya tsaya a ɗakin cin abinci ya ce, "'Yan'uwa, ni ban iya duba ba. Abin da kuka rubuta shi zan karanta. Don Allah kowa ya rubuta gaskiya." Tsofaffi suka gyaɗa kai suka ci gaba da shan shayinsu, don duk sabon shugaba haka yake cewa.

Kwana uku bayan haka bututun wurin wanke-wanke ya toshe, Burada Famfo ya shiga kicin ya kwanta rigingine a ƙarƙashinsa. Mai kicin ɗin, Burada Kuku, tare suka shiga gidan horo rana ɗaya, gado kusa da gado. Ƙato ne mai tumbi da baki, abin da ke cikinsa ba ya kwana.

"Ka cika takardarka?" in ji Kuku, yana yanka albasa.

"Tukuna. Miƙo mini sifana, mai jan hannu."

"Ni na cika tawa. Har baya."

Famfo ya leƙo da kai. "Har baya? Me ka samu na rubutawa har baya?"

"Gwiwa. Hawan jini. Likitana yana garin nan, ya san jikina. Na ce ina so a bar ni a kicin ɗina, in ba haka ba a kai ni inda ba bene."

"Haba, mutumina! Da girmanka?"

"Da girmana da gwiwata. Kai, wannan fa ba Fada Sannu-Sannu ba ne. Ka ga idonsa? Takarda yake kallo, ba fuska ba. Ka rubuta zancen yayarka."

"Ai ya sani."

"Wa ya gaya masa?"

"Kowa ya sani."

"Kowa ne shugaba?" Kuku ya share ido da bayan hannu. "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kai da kake gyaran yoyon mutane, naka ka bar shi yana zuba."

Famfo ya koma ƙarƙashin bututu. Ya zaro curin ganyen shayi da kitse, ya jefa a bokiti, ya ce a daina zuba mai a magudana, ya faɗa sau ɗari.

Da yamma a shagonsa ya share gefen benci, ya shimfiɗa takardar, ya ɗauki biro. Ba za a ce bai yi tunani ba, ya yi. Ya kai bakin biron kan layi na biyu ya tsaya har tawada ta yi ɗigo. Ya gwada jimlar a zuciyarsa: ina da yaya marar lafiya. Sai ya ji kamar ya tsaya tsirara a gaban majalisa, mutum huɗu suna karanta cewa Burada Famfo, wanda ake ba sababbin shiga misali da shi, shi ma yana da abin da yake so. Kunya ta kama shi. Hannu kuma ya san hanyarsa, kafin ya ankara ya rubuta "duk inda aka ga dama", ya rubuta "babu", ya ninke ya kai akwatin da ke ƙofar ofis.

Bayan mako biyu aka ce Shugaba yana kiransa. Ofishin ya canza. An kwashe tsofaffin kujerun Fada Sannu-Sannu, an kafa babbar taswira a bango da ƙusoshi masu launi, ɗaya na kowane gida. Can sama, inda taswirar ta kusa ƙarewa, akwai jan ƙusa guda shi kaɗai.

"Zauna, Burada," in ji Shugaba. "Ka ji labarin sabon gidan da majalisa ta amince a buɗe?"

"Na ji, Fada."

"Tafiyar kwana uku ce. Mutum huɗu za su fara, fada biyu, burada biyu. Akwai yara sama da ɗari uku da ba makaranta, amma ba zancen makaranta tukuna, don ruwa ma babu. Mata na fita tun safe ba su dawo ba sai rana ta take. An haƙa rijiyar burtsatse sau biyu, injin na lalacewa, ba mai gyara. Wanda na fi buƙata a can ba mai wa'azi ba ne, irinka ne."

"To, Fada."

"Takardu sittin da uku na karanta. Mutum bakwai ne suka ce a kai su duk inda aka ga dama. Shida daga ciki sun haura saba'in da biyar." Ya cire tabarau ya dube shi. "Ka rubuta babu abin da zai hana ka. Ina so in ji daga bakinka. Akwai?"

Burada Famfo ya jira. A nan ne Fada Sannu-Sannu zai ce, "Af, na manta, ya jikin Yaya?" a yi dariya, a rufe zancen. Ya jira, ya dubi taswira, ya dubi hannunsa. A banɗakin ofishin famfo na ɗiga, ɗis, ɗis, ya ma gane robar ce ta cinye. Shugaba shi ma jira yake.

"Babu, Fada."

"Ka tabbata?"

"Robar famfonka ta mutu, Fada. Gobe zan kawo sabuwa."

Da Kuku ya ji yadda aka yi, sai ya ajiye ludayi ya ce, "Tabɗi! An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce in gani a ƙasa. Kai an sa maka a ƙasa ka tsallake." Bai nemi izinin kowa ba, ya goge hannu a gaban riga, ya ja gwiwarsa ya hau benen nan da yake ƙorafi a kai, ya zayyana wa Shugaba komai.

Washegari da hantsi Famfo yana ɗakin injin ruwa a bayan lambu, yana canza bel ɗin injin, sai ga Shugaba ya sunkuyo ya shigo da farar rigarsa. Wurin ƙarami ne, warin giris, ba wurin zama. Ya tsaya a jikin ƙofa.

"An ce mini kana da yaya marar lafiya a garin nan."

"Haka ne, Fada."

"Akwai mai kula da ita?"

"Akwai 'yarta, Fada. Nas ce." Gaskiya ya faɗa, ba wanda zai kama shi da ƙarya.

"Burada, saurara. In ka ce in bar ka, zan bar ka. Zan nemi wani ko da bai kai ka ba. Amma kai za ka faɗa, ni ba zan faɗa a madadinka ba." Ya gyara tabarau. "Na san yadda ake yi a da. Na kuma san abin da ba a faɗa. Wanda shugaba ya san damuwarsa a bar shi, wanda bai sani ba a jefa shi ƙarshen duniya, alhali abu ɗaya suka rubuta. Ni aka yi wa. Babana yana kwance aka tura ni, don ba wanda ya san ina da uba. Ban dawo na same shi ba. Na yi alkawari in na hau kujerar nan, abin da mutum ya faɗa da bakinsa shi zan bi, kowa da kowa. To, ina tambayarka. In bar ka?"

Kalma ɗaya ce, ko yaron goye ya iya ta. Burada Famfo yana son yayarsa fiye da kowa a duniya, kuma yana tsoron rabuwa da ita. Amma in ya ce e, to "babu" goma sha ɗayan nan da ya rubuta me suka zama? Shekara arba'in ana cewa Burada Famfo bai taɓa roƙon komai ba, ko sabon takalmi. Ya saba da jin haka, yana jin daɗinsa. A kira abin biyayya in ana so, akwai biyayya a ciki. Akwai kuma girman kai, irin na masu sunkuyar da kai, wanda ya fi kowanne wuyar magani.

"Na riga na rubuta, Fada," ya ce, yana goge sifana da tsumma.

Shugaba ya dube shi. "Shi ke nan, Burada. Allah ya saka."

Abin mamaki, da Shugaba ya fita sai Famfo ya ji sanyi a ransa. A lissafinsa magana ta ƙare lafiya. Da can Shugaba bai sani ba, yanzu ya sani. Shi ya yi nasa, ya yi kawaici har sau uku, saura Shugaba ya yi nasa hankalin. Duk wancan dogon jawabi, ai gwaji ne, malamin horo ma haka yake gwada su. Ranar har waƙar coci aka ji yana yi a kan tsani yana duba tanki. Kuku ya leƙo ta tagar kicin ya girgiza kai, ya ce sabo turken wawa.

Alhamis biyu suka wuce bai ce wa Yaya komai ba, don a ganinsa ba abin faɗa.

Ana karanta sauye-sauyen ne ran Lahadi bayan Mas, a ɗakin cin abinci, kafin a buɗe kwanuka. Shugaba ya tsaya a gaban tebur, ya kira suna da sunan gida, mai sunan ya miƙe ya ce, "Ga ni." Da ya ce haka an gama, majalisa ta riga ta sa hannu, an aika wa gidajen, ba a taɓa jin an janye ba. Aka kira mutum tara. Aka zo kan sabon gida, aka kira fada biyu, aka kira wani burada malamin makaranta. Sannan aka kira Burada Famfo.

Ya miƙe. Shi kansa bai san lokacin da ya miƙe ba. "Ga ni," ya ce, muryarsa ba ta ko girgiza ba. Aka tafa, wani tsohon fada da ke gefensa ya dafa kafaɗarsa ya ce wa matasan tebur su ga yadda ake yi. Daga kicin aka ji murfin tukunya ya faɗi da ƙarfi, ya yi ta juyi a ƙasa kafin ya tsaya. An ba shi kwana goma ya miƙa makullan shago.

Ran Alhamis ya hau bas kamar kullum. Ya ƙara abubuwa a jaka: gwangwanin mai cikakke, sababbin ƙusoshin keke, ƙaramar sifana da ya ɗaure wa jan ƙyalle. A ƙofa ya yi kiciɓis da 'yar Yaya tana saurin fita, ta makara.

"Kawu, sannu da zuwa. Tana ciki, tun safe take mita wai ƙafar keken hagu na ƙara. Abinci na kan tebur." Ta wuce tana gyara jaka, shi kuma bai tsayar da ita ba.

Ya ɗaga Yaya ya sa ta a keke, ya tura ta inda rana take. Ya yanke mata farce. Ya durƙusa ya zuba wa ƙafar keken ta hagu mai, ya juya ta, ƙarar ta ɗauke. Bai tsaya nan ba, ya bi duk ƙusoshin keken ɗaya bayan ɗaya yana ɗaurewa, har waɗanda ba su kwance ba. Ya shiga banɗaki ya canza robar famfo mai lafiya, ya duba ƙarfen da ya kafa mata na riƙewa, ya jijjiga shi. Ita tana kallonsa.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Mutuwa za ka yi ko tafiya?"

Ya zo ya zauna a kan ɗan bencin da ke gabanta, ya gaya mata. Ya faɗi nisan wurin, ya faɗi yara ɗari uku, ya faɗi matan da ke fita neman ruwa tun safe. Ya ce hutu sau ɗaya ne a shekara biyu, amma akwai waya. Ya ce wannan sifana mai jan ƙyalle ita ke shiga ƙusoshin keke, a gaya wa yarinyar nan kada ta matse da yawa. Ya yi ta magana, shi da ba mai magana ba.

Ta bar shi ya gama. Bakinta tun ciwon ya ɗan karkace, maganarta a hankali take fita, amma ba ta ɓata.

"Aikin Allah ne, ban ce komai ba. Ranar da ka shiga wurinsu na yi kukana na gama. In sun ce tafi, tafi za ka yi, na sani." Ta numfasa. "Abu ɗaya zan tambaye ka. Haka kawai suka yanke, ko an tambaye ka?"

Ya iya yin shiru, amma bai iya yi mata ƙarya ba. "An tambaye ni."

"Shugaban naku ya san da ni?"

"Ya sani. Ya ce in na ce a bar ni zai bar ni."

"Sau nawa ya tambaya?"

"Uku. Ɗaya a takarda, biyu da baki."

"Ka ce me?"

"Yaya, haka ake yi a wurinmu. Ba a faɗa. Shi ne ya kamata ya gane."

"Na ce ka ce me?"

"Na ce babu abin da zai hana ni."

Ta gyaɗa kai a hankali, sau biyu. Ba ta yi kuka ba, shi kuwa da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta dubi farcen da ya yanke mata, ta dubi bangon makwabta inda inuwa ta fara hawa.

"Laifina ne," ta ce. "Ni na ɓata ka. Da na bar ka da yunwa yini ɗaya tun kana ƙarami, da ka koyi buɗe baki."

"Yaya, ki yi haƙuri."

"Ɗauko littafin ka karanta, rana na tafiya."

Ya ɗauko ya karanta Zabura biyu. Ya yi tuntuɓe a wuri uku, ba ta gyara masa ko ɗaya ba. Da ya rufe littafin ta miƙa hannunta mai lafiya ta jawo kwanon, kamar kullum. Ta buɗe murfin, tururi ya tashi. Tun shayin safe bai sa komai a bakinsa ba, cikinsa har kuka yake.

"Na ƙoshi, Yaya," ya ce.

Ta dube shi.

"To," ta ce. Ta mayar da murfin ta rufe, ta ture kwanon gefe.

Ya zauna da hannuwa a kan gwiwa yana jira. A waje bas ya tsaya ya tashi. Ita ta juya fuskarta wajen ragowar ranar ta lumshe ido, ta ce in zai mayar da ita ɗaki ya yi a hankali wajen dokin ƙofa.